Taura Biyu a Baki Ɗaya: Daga Mai Gurmi Zuwa Mai Jitar Bas

Akwai wata gardama da masu sauraron kiɗan rok a Turai da Amurka suka daɗe suna yi, har yau ba su gama ba: a cikin masu kaɗa jitar bas waɗanda kuma su ne ke rera waƙar da bakinsu, wa ya fi gwaninta? Wasu su ce Paul McCartney, wasu su ce Jack Bruce, wasu Geddy Lee, wasu kuma Sting. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada, me ya haɗa malamin makaranta a Yamai ko uba a Maraɗi da musun Turawa a kan jita? Abin da ya haɗa mu shi ne ma'aunin da suke auna waɗannan mutane da shi. In aka ɗora wannan ma'auni a kan makaɗanmu na gurmi da kuntigi da molo, za a ga muna da irin wannan gwaninta tun kafin a ƙera jitar bas, kuma muna gab da sakinta ba tare da mun san darajarta ba.

Inda wahalar take

Jitar bas tana kama da jitar da kowa ya sani, sai dai wuyanta ya fi tsawo, tsirkiyoyinta huɗu ne masu kauri, muryarta kuma tana can ƙasa, irin wadda mutum yake ji a ƙirji kafin ta iso kunne. Wadda ta fara karɓuwa a kasuwa ita ce wadda Leo Fender ya fitar a Amurka a 1951. Aikinta a cikin ƙungiyar makaɗa shi ne ta ɗaure bugun ganga da karin waƙa wuri guda, don kada kowanne ya kama gabansa.

Mai jita ta yau da kullum, idan yana waƙa, yakan share tsirkiyoyin gaba ɗaya, sama da ƙasa, daidai da bugun da bakinsa yake bi, saboda haka hannu da baki hanyarsu ɗaya. Mai bas kuwa sauti ɗaya-ɗaya yake tsinka, kuma sau da yawa sautin yana faɗowa ne tsakanin bugu biyu, a daidai lokacin da mawaƙi yake tsakiyar kalma ko yake jan numfashi. Wato yatsu suna wani zance, harshe yana wani. Ga shi kuma bas ɗaya ce tak a ƙungiya, babu mai rufa mata asiri, in ta yi tuntuɓe ƙafar mai rawa ce take fara sani. Duk malamin da ya taɓa gwada rubuta wata jimla a allo yana faɗa wa ɗalibai wata jimlar dabam, ya ɗanɗani wannan wahala. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. To waɗannan mutane sana'arsu ke nan, tauna taura biyu a gaban jama'a.

Gwanayen rok da dabarunsu

Paul McCartney na ƙungiyar Beatles bai fara da bas ba. Jita yake kaɗawa, sai a 1961, lokacin da mai bas ɗinsu Stuart Sutcliffe ya bar ƙungiyar a birnin Hamburg na Jamus, aikin ya faɗo kansa. Bahago ne, kuma abin da aka san shi da shi shi ne mayar da bas ta zama kamar murya ta biyu mai karin kanta. Amma akwai abin lura. Beatles sun daina yawon wasa a gaban jama'a a 1966, kuma daga nan McCartney yakan bari sai an gama ɗaukar sauran kiɗan a sutudiyo, sa'an nan ya zauna ya ɗora bas a kai cikin natsuwa. Da yawa daga cikin kiɗansa da aka fi yabawa, ba yana waƙa ya kaɗa su ba ranar da aka ɗauke su. Shi ne kuma ya zo Legas a 1973 ya ɗauki kundin Band on the Run, inda har ganga ya buga da kansa, domin mai gangarsa ya janye ana gab da tafiya.

Jack Bruce, ɗan ƙasar Sikotlan, a makarantar koyon kiɗa ya fara, inda ya koyi babban gogen Turawa da ake kira celo. Ƙungiyarsu Cream, wadda ta yi zamani daga 1966 zuwa 1968, mutum uku ne kawai: shi, da Eric Clapton a jita, da Ginger Baker a ganga, wanda daga baya ya zauna a Legas ya yi kiɗa da Fela Kuti. Inda mutum uku ne babu wurin ɓuya. Bruce shi ne babban mawaƙinsu, kuma ko yana tsakiyar baiti yatsunsa ba sa zama wuri ɗaya. Waƙar da suka yi jiya, in suka sake ta yau, wata hanya za su bi.

Geddy Lee na ƙungiyar Rush ta Kanada ya ƙara wa kansa kaya. Su ma su uku ne, kuma tun ƙarshen shekarun 1970 yake haɗa bas da fiyano da wasu maɓallan da ake takawa da ƙafa, ga waƙa a baki, a kan kiɗan da sau da yawa ƙirgensa bakwai-bakwai ne maimakon huɗu-huɗun da kunne ya saba. Irin wannan ba ya samuwa sai da maimaici mai tsawo, har hannu ya haddace aikinsa ya daina jiran umurni.

Sting na ƙungiyar Police, wadda aka kafa a 1977, ya bi wata hanyar. Malamin firamare ne na shekara biyu a arewacin Ingila kafin ya koma kiɗa gaba ɗaya. Ya ɗauko salon rege na Jamaika, inda bas take faɗin kalma biyu ko uku ta yi shiru, sai ya riƙa zuba muryarsa a cikin wannan shirun. Phil Lynott na Thin Lizzy, mutumin Dublin, shi ma yakan riƙe kiɗa mai sauƙi a hannu don bakinsa ya sami sararin ba da labari. Lemmy na Motörhead kuwa, da yake tsohon mai jita ne, sai ya riƙa share bas ɗin kamar jita, ya mayar da taurar biyu ta koma ɗaya.

A nahiyarmu akwai Richard Bona, wanda aka haifa a 1967 a ƙauyen Minta na Kamaru. Balafo ya fara bugawa yana yaro, yana waƙa a coci, kafin ya kama jita, daga baya ya koma bas. Ba ɗan rok ba ne, amma duk inda ake lissafin masu bas da ke waƙa sai an sa shi, kuma da harshen Duwala yake yawancin waƙoƙinsa.

Wa ya fi?

Idan aka tattara, dabarun uku ne. Ta farko, a sauƙaƙa aikin hannu don baki ya wala. Ta biyu, a raba lokaci, baki ya faɗa hannu ya amsa. Ta uku, a saki kowanne ya bi hanyarsa, amma su iso masauki tare. Ta ukun ce ta fi wuya, kuma a nan Bruce da Lee suka yi wa sauran nisa. In an tilasta mini zaɓen mutum ɗaya, Bruce zan ɗauka, domin Lee abin da ya shirya ya haddace yake kaɗawa, shi kuwa Bruce yana ƙirƙira ne a tsaye, jama'a na kallo.

Sai dai wuya kaɗai ba ta isa ma'auni ba. Waƙa don mai sauraro ake yin ta, kuma mai sauraro bai biya kuɗinsa don ya ga ana shan wahala ba. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: an ji kalmomin? Kiɗan ya ɗaga waƙar ko ya danne ta? A wannan ma'auni McCartney da Sting ba sa bayan kowa. Sanin inda za a yi shiru gwaninta ce da yara masu saurin yatsu sukan daɗe ba su gane ba.

Namu na gida

Yanzu mu ɗauki ma'aunin nan mu shigo gida. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya yi suna, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya tak. Ba shi da mai ganga a bayansa, ba ƴan amshi. Tsirkiyar nan guda ita ce gangarsa, ita ce bas ɗinsa, ita ce mai amsa masa. Yakan kafa wani ɗan zagayen kiɗa yana maimaita shi, ya ɗora labarin karen mota ko zaman aure a kai, in ya kai ƙarshen ɗa ya bar tsirkiyar ta ƙarasa maganar. Dabara ta farko da ta biyu ke nan a hannun mutum ɗaya. Haruna Uji na Haɗeja haka ya yi da gurmi.

Dabara ta uku kuwa, ba sai an je Ingila ba. A ƙasar Zabarma akwai masu riƙe tarihi da ake kira jasare, irin su Djado Sékou da Djéliba Badjé na Libore, nan kusa da Yamai, waɗanda gidan rediyon ƙasa ya kai muryoyinsu ko'ina. Jasare yana kaɗa molo mai tsirkiya uku, kiɗan yana tafiya a kan ƙirgensa ba ya kauce wa, shi kuwa bakinsa yana zuba labarin mazan jiya da asalin gidaje da saurin magana irin ta hira, ya tsaya inda ya so, ya ɗaga murya inda ya so, tsawon sa'a guda ko fiye. Magana ba ta da ƙirgen kiɗa, don haka ɗora ta a kan molo ba tare da ɗaya ya ja ɗaya ba ya kai duk abin da ake yaba wa Jack Bruce wuya.

A fadojin ƙasar Hausa ma, a ƙungiyoyin kotso irin na Narambaɗa da Ɗanƙwairo, sau da yawa makaɗan su ne ƴan amshi, hannu yana kan kotso baki yana karɓar waƙa. Haka matan amada na Barmani Coge, suna dukan ƙwarya suna amshi. Mamman Shata kuwa ya zaɓi ya bar wa masu kalangu kiɗa, shi ya tsaya da baki kawai, kuma wannan bai rage shi da komai ba. Rabon aiki ne, kowa da inda ya fi ƙarfi.

Mawaƙin Hausa yana da wani ƙarin nauyi da Bature ba shi da shi, wato karin sauti. Wuya na jiki da wuya ta wahala, ko kuka na hawaye da kuka ta miya, hawa da saukar murya ne suke raba su. Zabarmanci ma haka yake. Mai waƙa da Ingilishi yana iya lanƙwasa kalma duk yadda kiɗa ya so, ma'anarta ba ta sauya. Namu kuwa dole ya lura kada karin waƙar ya yi wa kalmar lahani har mai sauraro ya ji wani abu dabam, alhali hannunsa yana can yana wani aikin.

Da jita ta shigo Yamai

Bayan samun ƴancin kai a 1960, ƙungiyoyin kiɗan zamani sun fara bayyana a Yamai, kuma sunan Alhaji Taya yana cikin waɗanda suka yi fice a wannan fage. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, samariya da bikin matasa na ƙasa sun fi ba waƙoƙin gargajiya da raye-raye ƙarfi. A rabin ƙarshe na shekarun 1980 aka kafa gasar Ɗan Gurmu, wadda aka sa wa sunan shahararren mawaƙin nan na Tawa, ta buɗe wa masu jita ƙofa. A 1989 kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM a Yamai, wadda take ɗauke da sunan Taya.

Daga cikin makaɗan da suka ratsa wannan cibiya ne ƙungiyar Mamar Kassey ta fito a 1995. Jagoranta Yacouba Moumouni sarewa yake busawa, ya sauke ta ya yi waƙa, a wancan lokacin Abdoulaye Alhassane yana jita, Harouna Abdou yana bas. A 2000 Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, ya kafa Tal National, ƙungiyar da ta saba kwana tana kiɗa na sa'o'i a Yamai, kundinta Kaani kuma ya fita duniya a 2013. Etran Finatawa, haɗin Abzinawa da Fulani Wodaaɓe da aka kafa a 2004, sun shigo da ƙwaryar da ake kifawa a ruwa, mai ba da sautin ƙasa irin na bas. Daga arewa ga Bombino, wanda kundinsa Deran na 2018 ya shiga takarar kyautar Grammy, abin da wani ɗan Nijar bai taɓa samu ba kafinsa, ga kuma Mdou Moctar, wanda mai bas ɗinsa, Mikey Coltun, Ba'amurke ne.

Abin lura a nan shi ne, a cikin waɗannan ƙungiyoyi da suka fi suna, wanda yake gaba mai jita ne ko mai sarewa, ba mai bas ba. A ganina gado ne. Jita ta gaji kujerar gurmi da molo, wato abin kiɗan da yake magana da mawaƙi, ita kuwa bas ta gaji kujerar ganga da ƙwarya, wurin masu riƙe ƙasa da amshi. Ga kuma yanayin kiɗan kansa: wanda ya saurari Tal National ya san yadda bugu uku yake hawa kan bugu biyu cikin sauri, mai bas yana can tsakiya yana saƙa. Ya riƙe wannan saƙar ya kuma ja waƙa da Hausa ko Zabarmanci, aiki ne da ya wuce na mafi yawan waƙoƙin rok. Gwanintar haɗa hannu da baki tana nan a Yamai, sai dai a hannun masu jita da masu gurmi take.

Abin da yake neman kuɓuce mana

Tun shekarun 1990 waƙoƙin finafinan Kano suka koma kan fiyano, a ƙarshen waɗannan shekaru kuma ƴan rap suka cika Yamai. Yau mutum ɗaya da kwamfuta ɗaya yana haɗa ganga da bas da jita a ɗaki, mawaƙi ya zo ya ɗora murya, in ya yi kuskure a goge a sake. Wannan ya rage tsada, ya ba yara marasa galihu damar fitar da waƙa, ba abin zargi ba ne. Amma sakamakonsa shi ne yaro yana iya girma yana jin waƙa dare da rana a waya, bai taɓa ganin mutum ɗaya yana kiɗa yana waƙa a gabansa ba, balle ya san akwai wata wahala a ciki.

Labarin Malam Maman Barka ya isa ishara. Haifaffen Taskar ne, malamin makaranta, wanda ya yi suna da gurmi yana waƙa da harsuna da dama na ƙasar nan. A 2002 ya sami tallafin UNESCO ya tafi yankin tafkin Cadi wurin Boukar Tar, dattijon da ake ganin shi ne gwani na ƙarshe na biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya zauna ya koya, ya dawo da biram Yamai, ya zaga duniya da shi tare da makaɗin gangarsa Oumarou Adamou, kafin ya rasu a 2018. A wannan shekarar ce kuma Djéliba Badjé ya rasu. Irin wannan ilimi ba ya zama a littafi ko a kaset. Kaset yana adana sauti, amma yadda ake raba hankali biyu tsakanin hannu da baki sai an zauna gaban mai shi.

Ga iyaye da malamai

Tsoron da iyaye suke yi wa kiɗa yana da dalili. Akwai masu ƙin sa saboda addini, akwai masu ganin sa roƙo ne da bai dace da gidansu ba, akwai masu tsoron shaye-shaye, kuma tarihin rok ɗin kansa ya ba su hujja: Phil Lynott yana da shekara 36 ya mutu a 1986, bayan miyagun ƙwayoyi sun ci jikinsa. Mdou Moctar ma gidansu ba su so ba, da wayar burkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Kowane uba shi ya san gidansa, kuma ba cewa nake a mayar da kowane yaro makaɗi ba. Sai dai a tuna Maman Barka da Sting alli suka fara riƙewa, Almeida kuma ya yi aikin shari'a a kotu yana jagorantar Tal National. Kiɗa da karatu suna zama gida ɗaya idan akwai mai lura.

Abin da malami zai iya yi ba ya bukatar ko dala. Ƴan mata masu gaɗa a dandali tuni suke tafi da hannu, suna taka ƙafa, suna waƙa. A raba aji biyu, ɓangare ɗaya ya tafa uku, ɗayan ya tafa biyu a cikin lokaci guda, sa'an nan a nemi yaro ɗaya ya yi ukun da hannun dama, biyun da hagu, daga baya ya ɗora waƙar da ya sani a kai. A saka musu Ɗanmaraya, a ce su manta da kalmomin su bi kuntigin kawai, su ɗaga hannu duk inda tsirkiya ta amsa bayan baki ya yi shiru. A saka musu Police ko Cream su yi haka nan, su faɗi wace dabara ce a cikin ukun. Makarantun Yamai suna iya kai ɗalibai cibiyar CFPM su ga kayan kiɗan gargajiya da aka tara a can, ko su gayyaci mai gurmin unguwa ya shigo aji da rana tsaka, a karɓe shi da mutuncin da ake ba kowane baƙon malami.

Yaron da ya yi wannan zai koyi haƙurin maimaici, da sauraron na kusa da shi yana kan nasa aikin, abubuwan da ake nema a aji da wajen aji. Zai kuma iya bambance gwani da mai hayaniya, ko a waya ya gan shi ko a dandalin Oumarou Ganda. Ranar da ya ji ana musu a kan McCartney da Geddy Lee, yana da abin cewa, kuma yana da sunayen gida da zai jefa a cikin musun.

Boukar Tar ya yi sa'a, wani malamin makaranta ya taso daga Yamai ya same shi da ransa. Akwai sauran dattawa masu gurmi da molo da goge a unguwanninmu da ƙauyukanmu, suna jiran wanda zai zo ya zauna. Allah ya sa a same su da ransu.